Amsa ga Hajiya: samo takardar shari'ar ƙanenki daga ƙaramar kotu a Texas

Wa alaikumus salam Hajiya. Na karanta tambayarki kan ƙanenki da aka kama a 2014, lokacin yana aiki a kamfanin yanka shanu a wata ƙaramar kawunti ta arewacin Texas, saboda faɗa da abokin zamansa. Kin ce ya kwana a tsare, ya biya kuɗi, aka ce masa magana ta wuce. Yanzu zai cike fom N-400 na zama ɗan ƙasa, kun duba intanet ba ku ga komai ba, shi kuma ko ƙyallen takarda bai ajiye ba. Ni ba lauya ba ne, tafinta nake, amma na sha raka 'yan'uwanmu neman irin wannan takarda.

Rashin ganinta a intanet ba ya nufin babu ita. Amurka ba ta da rumbu guda da ake tara shari'o'in jihohi. Kawunti sun haura 3,000, Texas kaɗai tana da 254, kowace kamar ƙaramar hukuma ce a gida, sai dai tana da kotunta da gidan yarinta da magatakardanta, kuma fayil yana zaune ne a inda aka yi shari'ar. Manyan birane irin su Houston da Dallas sun sa nasu a intanet. A ƙauye kuwa tsohon fayil yakan zauna cikin kwali a ɗakin ajiya. Na ga wani cikin masu amsa tambayarki ya ce ku duba PACER, shafin intanet na neman fayilolin kotu. Wannan na kotunan tarayya ne kawai, faɗan gida ba ya kaiwa can. Shafukan nan masu cewa ka biya su tono maka tarihin mutum, ku bar su, hukumar shige da fice ba ta karɓar abin da suke bugowa.

Idan ya manta ranar da aka kama shi, ya nemi bayanan kansa daga FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya. Dala 18 ne, da zanen yatsu. Yawanci za a ga rana, da hukumar da ta kama shi, da laifin da aka rubuta. Amma sau da yawa gurbin yadda shari'ar ta ƙare yakan zo wayam, kuma shi ne ainihin abin da USCIS, wato hukumar shige da fice mai duba fom ɗin, ke nema.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne gane ƙofar da za su ƙwanƙwasa, domin a Texas ƙofofin uku ne. Manyan laifuka suna hannun District Clerk, wato magatakardan babbar kotun yanki. Matsakaita, wato aji A mai ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da aji B mai kai kwana 180, suna hannun County Clerk, magatakardan kawunti. Aji C, wanda hukuncinsa tara ce kawai da ba ta wuce dala 500, yana kotun gari ko wurin alƙalin da suke kira Justice of the Peace, kuma kawunti ɗaya takan sami irin waɗannan alƙalai da dama, kowa da yankinsa. Faɗa zai iya faɗawa ko'ina cikin ukun, ya danganta ko an ji rauni ko an ɗauki makami. Don haka in ofis ɗaya ya ce ba su gani ba, ku tambayi na gaba. A kawuntin da mutanenta ba su kai 8,000 ba, sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da ofisoshi biyun farko, abin ya zo da sauƙi.

Ku buga waya, kada ku dogara da imel. Ku kira da hantsi, kuma ku kauce wa ƙarfe 12 zuwa 1, don ƙananan ofisoshi da yawa kulle ƙofa suke yi su tafi cin abinci. Ku riƙe cikakken suna, ranar haihuwa, da shekarar kamun. Abin da za ku fara roƙo shi ne lambar shari'ar, a Texas "cause number" suke ce mata. Da zarar ta shigo hannu, sauran duk mai sauƙi ne.

Batun suna kuwa, ki ba shi muhimmanci. Ɗan sandan da ya rubuta sunan ƙanenki cikin dare wataƙila bai taɓa jin irinsa ba. Muhammad yakan koma Mohamed, sunan uba ya dawo gaba, a haɗe Abdul da abin da ke biye ko a raba su, a juya rana da wata tunda su wata suke fara rubutawa. Na taɓa tsayawa gaban kanta a wata kotu da ke tsakiyar wani ɗan gari, wata dattijuwa da tabarau rataye a wuya ta buga sunan wani yaronmu a kwamfuta ta ce babu. Na karɓi biro na rubuta mata duk yadda sunan zai iya fitowa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi ƙarƙashin sunan mahaifinsa, an kuma ci harafi ɗaya. Ta ɗauki makulli ta sauka ƙasa, ta dawo da siririn fayil mai ƙura, ta buga hatimin nan mai tudu a shafin ƙarshe. Mutanen nan suna da kirki in ka yi musu magana cikin ladabi. Abu ɗaya ne ba za su yi ba, ba za su faɗa maka ma'anar hukuncin ba, an hana su ba da shawarar shari'a.

Ku ce kuna son "certified copy", wato kwafi mai hatimi da sa hannun magatakarda, na takardar tuhuma, da takardar amsa laifi in akwai, da hukuncin ƙarshe ko umarnin korar ƙara, da shaidar cewa ya biya tara ya kuma kammala duk sharaɗin da aka gindaya masa. Ku karɓi biyu biyu, ɗaya ta tafi, ɗaya ta zauna a gida. A Texas yawanci dala 1 ne kowane shafi, hatimi dala 5. Ku tambayi yadda suke karɓar kuɗi, domin wasu sai "money order" na gidan waya, tare da wasiƙa da ambulan mai adireshinku da kan sarki a manne. Ke ma za ki iya nema a madadinsa, fayil ɗin shari'ar baligi a buɗe yake ga jama'a muddin ba a rufe shi ba. Kada ku ɓata lokaci da wasiƙar dokar 'yancin samun bayanai, ba ta shafi fayilolin kotu ba.

In duk ofisoshin sun ce babu, mai yiwuwa ba a taɓa shigar da ƙarar ba. Sai kowane magatakarda ya ba ku wasiƙa mai hatimi cewa an bincika ba a samu ba, ofishin lauyan gwamnati na kawuntin ya rubuta cewa bai gurfanar da shi ba, ku kuma karɓi bayanin tsarewar daga ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan kawuntin.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarki, wannan "magana ta wuce" ɗin. Kada ya ɗauki mota ya nufi garin kafin a san matsayinsa. In akwai ragowar tara ko ranar zaman kotu da ya tsallake, wataƙila akwai sammacin kama shi, kuma a irin garuruwan nan ofishin sharif taku kaɗan ne daga kotu.

Sannan Texas tana da tsarin "deferred adjudication": mutum ya amsa laifi, ya cika sharuɗɗa, alƙali ya kori ƙarar. A idon jiha ba a yanke masa hukunci ba. A idon dokar shige da fice ta tarayya kuwa, tun gyaran 1996, in ka amsa laifi aka kuma ɗora maka wani horo, an yanke maka hukunci ke nan. Mutane da yawa sun shiga intabiyun hukumar shige da fice da farin cikinsu riƙe da takardar korar ƙara, ba su san haka ba. Ga kuma wani ƙarin: a dokar Texas, faɗa da wanda kuke gida ɗaya, ko ba dangin iya ba na baba, yana iya shiga rikicin cikin iyali, wanda ke cikin laifukan da kan sa a kori mai girin kad, wato izinin zama na dindindin, daga ƙasar. Ba ina ce miki haka fayil ɗinsa yake ba, sai an buɗe za a sani.

Wani zai ba ku shawarar ku je a goge shari'ar gaba ɗaya. Ko an goge, N-400 yana tambaya ko an taɓa kama ka, kuma dole ya ce e. Bayan gogewa kotu ba za ta iya ba ku kwafi ba, saboda haka a karɓi masu hatimin tukuna.

Idan takardun sun iso, kada ya aika fom ɗin sai lauyan shige da fice ya karanta su shafi shafi. In kuɗi ya yi wuya, ƙungiyoyi irin su Catholic Charities suna da lauyoyi da wakilan da Ma'aikatar Shari'a ta amince da su, kuma kuɗinsu da sauƙi. Masu cike wa mutane fom a bayan shago dai kada ya kai musu wannan. Allah Ya sa a dace, Hajiya.