Shin in ciro ɗana daga lisen unguwa saboda sakamakon BAC?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a gefen Yamai, ta wajen Saga. Ɗana ya samu BEPC (shaidar gama kwaleji) bana, aka tura shi lisen gwamnati da ke kusa da mu. Sai ga wani jeri yana yawo a WhatsApp, an jera makarantu bisa yawan waɗanda suka ci BAC, wato jarrabawar ƙarshen lise, tamu kuma tana can ƙasa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Wani ya ce in na ba shi kuɗi zai samo masa wuri a wata lise ta cikin gari. In ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Kada ki ba mutumin nan ko dala. Canjin makaranta yana da hanyarsa ta takarda a hannun hukuma, kuma yaron da aka cusa ta bayan fage yakan faɗa ajin da ya riga ya cika maƙil.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin da kika gani, domin kowace shekara da zarar sakamako ya fito sai iyaye su riƙe wannan adadi kamar shi ne ma'aunin ingancin makaranta, alhali kuwa ba ya ƙirga kowa sai waɗanda suka zauna jarrabawa. Bai gaya miki yara nawa suka shiga ajin seconde, wato ajin farko na lise, shekara uku da suka wuce ba, balle inda sauran suka ƙare. Ga misali na lissafi kawai. A ce lise biyu kowace ta karɓi yara 200. Ta farko ta yi ta tankaɗe, wasu su maimaita aji, wasu a kore su, har 60 kaɗai suka isa terminale, wato ajin ƙarshe, 36 suka ci. Za a rubuta mata kashi 60 cikin ɗari, a yi ta yabo. Ta biyu ta yi haƙuri da yaranta, ta kai 150, 54 suka ci, sai a rubuta mata kashi 36, a ce ta lalace. To wace ce ta fitar da masu BAC da yawa daga cikin ƴaƴan mutane 200 da aka damƙa mata? Ta biyun ce, wadda ake gudu.

Sannan wane ne ya haɗa jerin, kuma daga ina? Sau da yawa mai haɗawa yana kwaso sakamakon cibiyar jarrabawa ne ya liƙa wa makarantar da aka zauna a cikinta, alhali cibiya ɗaya tana tara ƴan makarantu daban-daban har da masu zana jarrabawa da ƙashin kansu. Ana kuma cakuɗa fannonin BAC, wato A da C da D, wuri guda, bayan kowa a aikin koyarwa ya san ajin C yawanci ƙarami ne, na waɗanda suka fi ƙarfi a lissafi. Haka nan makaranta irin Lycée d'Excellence, wadda ke zaɓar ɗalibanta tun daga ƙofa, ba a auna ta da lisen bakin gari da ke karɓar duk wanda aka turo mata. Yin hakan daidai yake da yabon manomi kan yawan damma ba a tambayi irin ƙasar da ya shuka ba. Ki kuma tuna cewa a shekarun nan waɗanda ke cin BAC a Nijar baki ɗaya ba sa kai rabin masu zanawa, don haka adadin da ya firgita ki yana iya zama daidai da na ƙasa.

Ba cewa nake duk lise ɗaya ba ce. Akwai bambanci na gaske, amma a wani wuri yake. Ki je wurin censeur, wato mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ki tambaya ko akwai malamin lissafi, na fizik da na falsafa tun ranar komawa, ko kuwa sai tsakiyar shekara ake samo su, domin makarantun gefen gari sun fi fama da wannan. Ki tambayi yawan yara a aji, ki tambayi ko ana gyara takardun gwaji a mayar wa yara, da ko an ƙare manhaja bara. Shekara ɗaya ba ta isa hukunci ba; a 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, kuma ba kowace makaranta ta iya cike wannan giɓi ba. Ki lissafa hanya ma: kuɗin motar haya ta faba-faba safe da rana, da yaron da zai dawo gida a gajiye cikin zafin Afrilu ya kasa buɗe littafi.

Abin takaici shi ne duk waɗannan alƙaluma suna nan cikin rahoton da kowace makaranta ke aika wa hukuma, amma ba a liƙa su inda iyaye za su gani, sai a bar fili ga masu jita-jita da dillalan wuri. Ki tada maganar a taron ƙungiyar iyaye, ku nemi a nuna muku na shekara uku a jere: nawa suka shiga seconde, nawa suka isa terminale, nawa suka ci a kowane fanni. In kin ga ajinsa ba malamin lissafi har ƙarshen Nuwamba, a lokacin ne za ki rubuta takardar neman canji.