Amsar tambayarki kan sunan Arkwright

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce tsohuwar da kike haya a gidanta a Preston ta Ingila ana kiranta Arkwright, sunan gidan mijinta, kina kuma mamakin yadda suna ɗaya zai bi zuri'a har tattaɓa-kunne. Na ji daɗin tambayar ƙwarai.

Kalmomi biyu ne aka haɗa. "Ark" a bakin mutanen arewacin Ingila na dā, adaka ce ta katako, babba, wadda ake zuba garin hatsi a ciki don kada ɓera ko danshi su taɓa shi. "Wright" kuwa masassaƙi ne. Kin ga Arkwright ke nan, mai sassaƙa adaka, kamar yadda Cartwright yake mai yin amalanke. A yankin Lankasha, inda kike zaune, sunan ya fi yawa, a sauran ƙasar kuwa sai jefi-jefi.

Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, suna guda ya ishi mutum. Masu gonaki da sarauta ne suka fara gadar da suna, talakawa suka biyo baya sannu a hankali. Haraji ma ya taimaka, domin malamin da ke rubuta kuɗin kai na 1377 ko na 1381 dole ya bambanta wannan John da wancan. Wajejen 1400 yawancin gidaje sun riƙe suna ɗaya, a 1538 kuma aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza.

Mu ma muna cewa wane maƙeri, wane wanzam, amma da sana'ar laƙabin yake tafiya. Su nasu ya zauna bayan sana'ar ta bar gidan. Dubi Richard Arkwright, wanda aka haifa a garin nan naku a 1732. Ubansa tela ne, shi kuma da aski ya fara neman abinci a Bolton. A 1769 ya yi rajistar injin kaɗin auduga, a 1771 ya kafa masana'anta a Cromford wadda ruwa ke juyawa. Tela ya haifi wanzami, duk suna amsa sunan masassaƙi!

Abu ɗaya nake so ki kiyaye. Kada ki kira tsohuwar da sunanta na yanka sai ta ba ki izini da bakinta. Ki ce Misis Arkwright, haka suke girmama babba. Ki gaishe min da ita.