Kada Ku Jefar da Rediyonku Saboda Maganar Dijital

Rabin wasiƙun da suka iso mini wannan mako a kan abu guda suke, don haka na ajiye maganar fanka da firiji sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wata uwar gida daga Wurno ta rubuto: "Malam, mahaifina ya haura saba'in, ganinsa ya yi rauni, tun rasuwar innarmu ba shi da abokin hira sai rediyo. Wani mai kayan lantarki ya ce mini gwamnati ta kusa kashe tsofaffin rediyo, in ban sai masa na dijital ba zai wayi gari akwatinsa ya yi shiru. Kuɗin ya ninka na irin nasa sau uku. In ɗauki kwasar adashena in saya?"

'Yata, kwantar da hankalinki, ki bar kuɗin adashenki inda suke. Allah Ya yi miki albarka da kike tunanin tsohon nan. Rediyon Baba ba zai yi shiru ba. Tashoshin da muke ji a Sakkwato, da Rima da Garkuwa da Vision da sauransu, duk a kan tsarin da kika sani suke watsa shirye-shirye, kuma ba a sanya ranar kashe FM ko gajeren zango a Najeriya ba.

Inda ruɗanin ya samo asali shi ne talabijin. A 2006 aka yi yarjejeniya a Janeba cewa ƙasashen yankinmu su mayar da talabijin tsarin dijital kafin 17 ga Yunin 2015. Najeriya ba ta cika wa'adin ba, sai a 2016 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙaddamar da shirin a Jos, sannan Abuja, daga baya Kaduna da wasu jihohi. Wannan shi ne zancen dikoda da kika riƙa ji. Na talabijin ne, bai shafi akwatin Baba ba ko kaɗan.

Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro abin ba su gama sasantawa a kansa ba. A Ingila, BBC ta fara rediyon dijital da ake kira DAB tun 1995, kuma har yau FM na aiki a can, domin mutane sun ƙi rabuwa da shi. Ƙasar Nowe ce ta fara kashe manyan tashoshinta na FM a 2017, ita ma ta bar wa ƙananan tashoshin gari nasu, kuma jama'a da yawa sun yi ƙorafi, musamman masu motoci. To ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan. Ina ga Wurno?

Yanzu bari in juyo kan mai shagon nan, domin abin da ya yi yana ci mini rai, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ku shiga layin masu kayan lantarki a kowace kasuwa ta garin nan, za ku ga kwalaye jere an rubuta musu dijital da manyan baƙaƙe. Ku buɗe, me za ku tarar? Rediyon FM ne da gajeren zango irin na kowa, sai dai maimakon allurar da ke tafiya a kan mita, an sa masa ɗan gilashi mai nuna lambobi. Lambar ce kawai ta zama ta zamani, muryar da ke shigowa ta hanyar da ta saba take shigowa. Rediyon dijital na gaskiya za ka ga an rubuta DAB ko DAB+ ko DRM a jikinsa, kuma ko shi ka saya yau, ka latsa wannan wurin a Sakkwato da wuya ka kama wani abu, don babu tashar garin nan da ke aiko masa da komai. Wato wanda aka sayar wa na bogi an cuce shi, wanda ya samu na ainihi ma ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Kuma wa ake yi wa wannan? Ba ɗan boko mai duba intanet ba. Tsoho ake yi wa, da matar aure mai tara ɗari-ɗari, da manomin da ya sayar da tiyar gero ya shigo birni sau ɗaya a wata. A tsorata mutum da ƙarya don a karɓe masa kuɗi, wannan ba ciniki ba ne, algus ne, kuma mai yin sa ya ji tsoron Allah.

Ba a nan cutar ta tsaya ba. Irin waɗannan akwatunan suna zuwa da fitila, da wurin sa memori, da ɗan faifan sola a ka wanda bai wuce faɗin ashana biyu ba. Wannan faifan ko yini ya yi a rana, abin da zai tara bai taka kara ya karya ba, amma saboda shi mutane ke ɗora rediyo a kan kwanon ɗaki cikin zafin watan Afrilu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40. Batirin caji ba ya shiri da zafi: ya kumbura, ya daina riƙe wuta, wani lokaci ya kama da wuta. Ku buɗe murfin batir tun a shago. In kun ga irin dogon nan mai lamba 18650 an rubuta masa 9900mAh, wato yawan wutar da yake riƙewa, ƙarya ce tsagwaronta, na kirki ba ya wuce wajen 3500. Ku ɗaga shi a hannu, na jabu sakayau yake kamar ba komai ciki. Ku ja eriya, ku kunna, ku nemi tasha uku ko huɗu a gaban mai shago, har da gajeren zango, kada ku yarda da waƙar da ya sa muku daga memori, don wannan lasifika kawai take gwadawa. In ya hana ku gwaji, ku ajiye masa kayansa. Ni na fi son rediyon da ke karɓar batirin caji kuma yana karɓar na zubarwa, saboda ranar da babu wuta kwana uku.

Ke kuwa 'yata, in kina son faranta wa Baba, ki kai nasa wurin mai gyara a share masa maɓallin murya, a canja eriya in ta karye. Hannunsa ya san inda kowace tasha take ba sai ya gani ba. Sabon mai maɓallai goma wahala zai zame masa.

Wani direba daga Runjin Sambo: "Na sayi mota 'yar Beljiyam, rediyonta na da wurin da aka rubuta DAB, in na latsa shiru. Ta lalace ne?"

Lafiyarta ƙalau, Alhaji. Tun ƙarshen 2020 dokar Tarayyar Turai ta sa sababbin motoci su zo da shi, da yawa ma sun riga dokar. A nan ba shi da abin kamawa. Koma FM, kuma kada ka ba kowa ko sisi da sunan zai buɗe maka shi.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: "Malam, me ya sa ku manya kuke manne wa tsohon abu? Dijital ya fi tsabtar murya, kuma kowa na da waya yanzu."

Ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Muryar dijital tangaran take, ba shuuu. Na'urar watsawa guda tana ɗaukar tashoshi sama da goma a tare, ka ga an rage kuɗin man janareta da na hasumiya. Indiya ta ɗora manyan tashoshinta na matsakaicin zango a kan tsarin dijital na DRM, wanda ke cin nisa sosai, kuma in za a yi a Arewa, irin wannan ya fi dacewa da faɗin ƙasarmu. Ba na gaba da shi.

Amma ka duba ɗaya gefen. Tsohon tsari in ka yi nisa da tasha, murya na raguwa a hankali, ana shuuu amma kana tsintar labari. Dijital in siginal ya yi rauni, yankewa yake yi ɗif. Mutumin Isa ko Tangaza ya fi buƙatar muryar da ke shuuu a kan tsabtatacciyar da ba ta iso ba. Sannan wa zai biya kuɗin sababbin akwatuna a kowane gida? Gidan rediyo ya samu sauƙi, nauyin ya koma kan mai sauraro. Maganar waya kuwa, ka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Da me mutanen can suka san abin da duniya ke ciki? Da akwatin nan da kake rainawa. Ba ya cin data, ba ya neman sabis. Ra'ayina shi ne a kawo dijital ya zauna tare da FM, kada a kashe komai sai akwatinsa ya yi arahar da talaka zai saya ba tare da ya taɓa abincin gidansa ba.

Wani daga Mabera yana tambaya ko zai iya jona dikodar talabijin da rediyonsa ya koma dijital, wai wani yaro ya ce zai yi masa.

Haba Malam! Ba ya yiwuwa, kuma ka daina ba yara kayanka suna koyon aiki a kai.

Wani manomi daga Gwadabawa: "Shekara da shekaru ina jin BBC a gajeren zango, yanzu da dare ƙara ta yi yawa. Ko dijital ɗin ne ya fara cinye ta?"

A'a, Baba. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ka ga kun daɗe tare, kuma na san ciwon rasa labaran dare. Gaskiya ne tashoshin waje suna rage gajeren zango suna komawa ga tashoshin FM na gida da intanet, amma ƙarar da kake ji mai yiwuwa daga ɗakinka take. Ƙwan fitilar zamani mai araha, da cajar waya, da inbatar sola duk suna zuba ƙara a wannan zango. Ka kashe su ɗaya bayan ɗaya ka ji wanda ke yi, ko ka fita da rediyon tsakar gida. Ka ɗaura siririyar waya mai tsawon taku goma a bakin eriya ka rataya ta a bishiya. Kuma da rana mita 16 da 19 sun fi kamawa, da dare ka koma wajen 31 ko 41.