Amsa ga mai tambaya kan kasuwannin kifi da kayan gwari a tsohon garin Zanzibar

Hajiya, kin ce kwana biyu kacal za ki yi a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, kina kuma so ki san ko ya dace ki ware lokaci domin kasuwar Darajani, ko ki tsaya a kan gidajen tarihi. Sau uku na je garin, kuma shawarata ita ce ki ba kasuwar safiya guda cikakkiya, amma da sharaɗin ki yi sammako, domin wanda ya isa bayan rana ta take ƙarni da ƙudaje kawai zai tarar.

An gina kasuwar ne a shekarar 1904, a gefen tsohon garin da ake kira Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Sunan Darajani ya daɗe yana ba ni mamaki, har sai da aka bayyana mini cewa a Suwahili kalmar "daraja" gada take nufi, saboda a dā wani rafi ne ya raba tsohon garin da sauran unguwanni kafin a cike shi ya zama titi.

Kafin komai, ki kiyaye da lissafin lokacin mutanen garin, wanda yake farawa daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe ɗaya na safe a bakinsu ƙarfe bakwai ne a agogonki. A zuwana na farko mai masaukina ya ce mu haɗu ƙarfe ɗaya mu je kallon gwanjon kifi, na yi zamana sai bayan azahar na fito, na tarar an tashi tun tuni.

Idan kin idar da sallar asuba, ki fara da bakin ruwa na unguwar Malindi, inda masunta suke sauke abin da suka kamo cikin dare. Dillali yakan tsaya kan tulin kifi yana ɗaga farashi da ƙarfi, 'yan sari suna amsawa, kafin ki gane abin da ake ciki an sallama. Daga nan ki taka zuwa Darajani, inda za ki ga ana datsa manyan kifayen teku irin waɗanda suke kira jodari da nguru gunduwa-gunduwa a kan dakali, kamar yadda mahautanmu suke yi da naman sa. Akwai jatan lande da ƙaguwa, da wata halitta mai hannuwa takwas da suke kira pweza, wadda ni dai har yau ban iya kai ta baki ba. Ki sa takalmi mai rufi, ki kuma tattare mayafinki, domin ƙasan ɓangaren kifi ba ya rabuwa da ruwa.

Ɓangaren kayan marmari ya fi sauƙin zagayawa. Ki ɗanɗani jar ayaba da ruwan ɗanyar kwakwa, idan kuma kin dace da lokacinsa ki nemi shokishoki, ɗan itace ja mai gashi-gashi wanda cikinsa fari ne mai zaƙi.

Game da kayan ƙamshi, kada ki ruɗu da ƙananan ƙunshin da aka ƙawata domin baƙi. Na taɓa saye, daga baya na ga kuɗin ya ninka na cikin kasuwa. Ki shiga ciki inda matan gari suke sayen kanumfari da kirfa da masoro a kan sikeli, ki murza ƙwaya ɗaya ki shinshina kafin ki taya. Ki riƙe ƙananan kuɗi na shilin Tanzaniya, ki fara da sallama tunda akasarin mutanen Musulmi ne, kuma kada ki ɗauki hoton kowa sai kin nemi izininsa. Ranar Juma'a ki gama sayayyarki kafin a fara haramar masallaci.