Ke mai tsoron manta muryar yayanki, ni ma na bi ta nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan yayanki, Ya sa can ta fi masa nan. Kin ce wata takwas ke nan da rasuwarsa yana ɗan shekara 46, muryarsa ta fara ɓace miki a kunne, a gida kuma da kin ambaci sunansa sai a ce ki yi shiru kada ki tayar wa mahaifiyarku da ciwo. Kina tambaya yadda za ki riƙe tunawa da shi, da abin da za ki gaya wa 'ya'yansa. Sau uku na karanta saƙonki kafin hannuna ya daina rawa.

Tawa yayar shekara 44 gare ta. Ita ta raine ni, ita ce idan na yi laifi take tsaya min a gaban mahaifinmu, in mun shiga ɗaki kuma ta ja min kunne. Hawan jini ne ya ɗauke ta. Ranar da abin zai faru, da yamma ta kira ni. Ina kallon wayar tana haske a kan tebur, na ce bari in gama abin da nake yi in kira ta. Ban kira ba. Sai ta bar min saƙon murya na daƙiƙa 23: "Ke dai ba kya ɗaga waya. Kaina ne ke ta sarawa tun safe, amma da sauƙi. In kin samu sarari ki leƙo, ina da magana." Da asuba aka same ta a ƙasa bakin gado, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya karkace. Kwana biyu ta yi a asibiti idonta biyu, tana kallona, leɓenta yana motsi, kalma ɗaya ba ta fita ba. Na kara kunnena a bakinta har ina jin ɗumin numfashinta a kumatuna. Shekara biyar ke nan ban san wace magana ce take da ita ba. Har yau idan waya ta yi ƙara da yamma sai gabana ya faɗi.

Amma abin da ya fi ci min rai mijinta ne, Allah Ya yafe min, har yanzu zuciyata ba ta gama sakin sa ba. Ko wata biyu ba ta yi a ƙasa ba ya goge duk abin da ke cikin wayarta ya ba ƙaninsa. Hotunan yaran tun suna jarirai, bidiyon da take rera musu waƙa, duk ya tafi a dannawa ɗaya. Akwai wani littafinta mai baƙin bango da take rubuta addu'o'i da bashin da ake bin ta da wanda take bi, ya haɗa da tarkace ya ƙone. Da na yi magana sai ya ce wai ajiye kayan mamaci rashin tawakkali ne. Tawakkali! Ai da ya kira ni ya ce zo ki kwashe, da na zo ko da rarrafe ne. Ban yi fushi don ya sake aure ba, halak ne, ba ni da ta cewa. Abin da ya yi wa yaran nan ne ba zan manta ba. Ƙaramar lokacin shekararta huɗu, yau ba ta da hoton da uwarta ke riƙe da ita ko ɗaya.

Shi ya sa nake roƙon ki, yau ɗin nan, kada ki jira gobe: duk saƙon muryarsa da ke wayarki ki tura shi wani wuri, ki sa a imel, ki sa a kwamfuta, ki ba wata 'yar'uwa ta ajiye. WhatsApp yakan rufe asusun da ya kai kwana 120 ba a buɗe ba, layin da aka daina amfani da shi kuma kamfani yakan sake ba wani. Wata rana na ga hoton baƙon mutum a kan lambar yayata, na wuni ina kuka. Ki bi abokansa da abokan aikinsa ki tambaye su hotuna, za ki sha mamakin abin da ke hannun mutane.

Masu hana ki ambaton sa kuwa, ki yi musu uzuri amma kada ki bi su. Nana A'isha ta ce ba ta taɓa kishin wata mace kamar Nana Khadija ba, alhali ba ta taɓa ganin ta ba, saboda yawan ambaton ta da Annabi (SAW) yake yi. Yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta bayan rasuwarta. Ranar da 'yar'uwarta Hala ta zo neman izinin shiga, ya ji irin sallamar Khadija a muryarta, nan take zuciyarsa ta motsa. Da ɗansa Ibrahim ya rasu ma ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Kururuwa da marin fuska da yaga tufafi aka hana. Kuma ki gwada mahaifiyarku a keɓe. Tamu mun yi shekara guda muna ɓoye mata sunan, ashe ita ma don kada ta tayar mana da hankali take haɗiyewa. Ranar da na ce "Mama, kin tuna yadda Yaya take dariya har ta riƙe ciki?" sai da muka kai tsakar dare tana ba ni labarin yarintarta, abubuwan da ban taɓa ji ba.

Af, kafin in manta, ku je ku auna jininku, ke da duk 'yan gidanku. Hawan jini yana bin dangi, kuma sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Idan awo yana kai 140 bisa 90 a kai a kai, a ga likita, kuma in an fara shan magani kada a ajiye don an ji sauƙi. Yayata ta ajiye nata wata uku. Duk wanda kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti kai tsaye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Su yara kuma, ba "babanku mutumin kirki ne" suke nema ba, wannan kowa yana faɗa musu. Ƙananan abubuwa suke so. Ni na sayi littafi, duk abin da ya faɗo min game da yayata sai in rubuta: cewa tana tsoron kyankyaso amma ba ta tsoron maciji, cewa da hagu take rubutu, cewa idan ranta ya ɓaci shara take kamawa ko da tsakar gida fes yake. Ki biya masa bashi in akwai, ki yi sadaka da niyyarsa daidai ƙarfinki, ki koya musu yi masa addu'a, domin addu'ar ɗa na gari tana cikin abubuwa ukun da ba sa yankewa.

Bara ƙaramar 'yar yayata ta zo min hutu. Na daɗe ina shakka, daga baya na kunna mata saƙon nan. Ta karɓi wayar ta manna a kunne, ta saurara sau huɗu ba ta ce komai ba. Sannan ta ɗago ta ce, "Anti, muryarta irin taki ce." Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.