Wai in aka kashe na'urar silikon ta huta, warkewa take yi?

Tambaya: Salam Dakta. Ina mastas a fiziks a nan Kano, aikina kan na'urar silikon mai bin sawun ƙananan ƙwayoyin zarra ne. Na karanta cewa radiyeshon na cinye ta a hankali, hankalina ya tashi, kar a ce bayanan da na dogara da su na na'ura mai ciwo ne. Wani a gurup ɗinmu ya ce kashe ta ake yi ta huta ta dawo garau. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kan bayanan dai kwantar da hankalinka. Ta CMS, wani babban gwaji a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, silikon ne kusan murabba'in mita 200, pikzel ɗinta, wato sashen mai ƙananan gidajen gano ƙwaya, na nuna inda ƙwaya ta ratsa da kuskuren mikiromita 10 haka (kashi ɗaya cikin ɗari na milimita), kuma da sanin za ta lalace aka ƙera ta, kullum ana aunawa ana saka gyaran a lissafi. A 2017 ma pikzel ɗin gaba ɗaya aka canja.

Maganar hutun nan ce ke ba ni haushi wallahi, kullum sai na ji ta daga bakin wanda bai taɓa riƙe sensa ba. Eh, da ɗan ƙamshin gaskiya, in ka bar wadda ta sha radiyeshon a digiri 20 wajen sati biyu boltej ɗin da take buƙata don ta yi aiki yana sauka, wato ta ɗan samu sauƙi, amma daga nan juyawa yake ya dinga hawa, musamman a silikon nau'in n (wanda aka ƙara wa sinadari mai ba shi rarar elektron), kuma ba ruwansa da a kunne take ko a kashe, zafi kawai yake bi. Wanda ya hau ya hau kenan. Shi ya sa can CERN ake riƙe ta ƙasa da sifili, ko an tsaya gyara ba a bari ta daɗe a ɗumi.

To balle Kano a watan Afrilu, digiri 40! Ga yoyon lantarki da ke ninkawa duk ƙarin digiri 7 ko 8, ka kunna ta a haka ta ɗumama kanta yoyon ya ƙaru ta ƙara ɗumama har ta ƙone. A hakan ofis zai sa hannu a sayo kaya masu tsada, kuɗin inbata na firiza kuwa fayil na yawo tebur tebur.

In Allah ya sa sensa irin wannan ta shigo hannunka, firiza, cikin leda a rufe da abin tsotse danshi, kuma kar ka buɗe sai ta huce daga sanyin, raɓa ma ɓarna take.