Faɗaɗa filin jirgin Abuja: me kansila zai iya yi wa mai gona?

Tambaya: Gonar gadonmu tana yankin Jiwa, kusa da inda za a shimfiɗa titin saukar jirage na biyu. Kansilanmu zai iya hana a karɓe ta? Kuma yaya ake shigar da koke zauren majalisar AMAC, wato ƙaramar hukumar birnin Abuja?

Amsa: Malam, hanawa dai ba ta hannunsa, gara in gaya maka tun da wuri. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar harkar jiragen sama a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, sashe na 297 kuma ya mallaka mata dukkan filayen Abuja. Buƙatar titin ma ta gaske ce: a 2017 sai da aka rufe filin jirgin Nnamdi Azikiwe makonni shida don gyaran titi ɗaya tilo, jirage suka koma Kaduna. Ko a 2023, da aka daidaita kan diyyar kusan naira miliyan 825 ga al'ummar Jiwa, ministan Abuja da na sufurin jiragen sama ne suka jagoranci zaman.

Amfanin majalisa shi ne ta mayar da kukanku rubutaccen matsayi na hukuma, wanda ofis ba zai ce bai ji ba. Ku rubuta takardar koke ɗaya, masu gonaki su sa hannu, ku kai wa akawun majalisa, ku karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Kansilanku zai nemi a sa ta cikin ajanda, ya gabatar da ƙuduri, wani kansila ya mara masa baya. Daga nan yawanci ana miƙa wa kwamiti ya zo ya gani da ido, ya kawo rahoto, a kaɗa ƙuri'a. A zauren ba a ba ɗan kallo magana. A gaban kwamiti ne za ku amayar da abin da ke cikinku. Bayan zama ku nemi rubutaccen bayaninsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata.

Inda na fi jin tsoro a madadinku shi ne ranar ƙidayar abin da ke gonaki don biyan diyya. Bisa Dokar Amfani da Filaye ta 1978, abin da aka raya a kan ƙasa ake biya: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwan mangwaro ko kashu. Duk abin da bai shiga takarda ranar ba, da wuya ya shiga daga baya. Don haka ku roƙi majalisa ta nemi a sanar da ranar tun da sauran lokaci, wakilinta da na Sarkin Jiwa su halarta, kowa ya tsaya a gonarsa ya ɗauki hoto. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

In kuɗin da aka yanka bai kai ba, sashe na 44 na Kundin ya ba ka damar zuwa kotu kan adadin, kuma kwafin nan mai hatimi na cikin abin da lauya zai fara tambayarka.